Ƙarar da Yaya Ya Kai Sweden

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Umma ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma sunan surukinta aka sa masa, ka ga kunya biyu ke nan ta taru a kan mutum ɗaya. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", ko "yayanki", in kuma ranar tana cikin nishaɗi ta ce "mutumin". Da ya koma Sweden da zama sai aikin ya zo mata da sauƙi, ya zama "na Sweden", kamar yadda ake cewa atamfa 'yar Holan. Ni kuwa auta ce, ba a jin kunyata. Sunana daga kicin take ƙwala shi, har tsohuwar Baturiyar da ke saman flat ɗinmu ta iya shi, da irin jan da Umma take yi masa in na bar kwano ban wanke ba.

A Kano ba wanda zai ɗaga ido ya kalli wannan. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Amma mu a Plumstead, wata unguwa a London, muka tashi. Shi Yaya ana yaye shi aka miƙa wa kakarmu, sai da ya kusa gama firamare aka kawo shi London, ya zo ya tarar da iyaye a ƙofar makaranta suna rungume 'ya'yansu suna sumbata don kawai yaro ya zana kare mai ƙafa uku. Shi kuma zai shigo gida da kyautar da ya ciwo a lissafi, Umma ta karɓa ta jujjuya, ta dubi labule ta ce, "To, madalla." Abba, Allah ya ji ƙansa, zaman London ya ɗan sassauta masa kunyar, yakan dafa kan yaron ya ja shi su je su sayo soyayyar kaza. Da Abba ya rasu sai ya zama babu mai rage zafin abin.

Yaya ya girma, ya haɗu da wata 'yar Sweden a jami'a, suka yi aure suka zauna a Gothenburg. Matar kirki ce, Umma tana ji da ita, har yau "amarya" take ce mata ko da yake amarcin ya daɗe da tsufa. Aikinsa tuƙin tram, jirgin nan mai bin tsakiyar titi. In ya tashi daga aiki kuma sai ya shige wani ɗakin ƙasa shi da abokansa suna hip hop. Ranar da na fara kawo wa Umma wannan zance ta tsayar da ludayi ta ce, "Mu dai ba mu gaji roƙo ba. Kaf danginmu babu mai kalangu." Na ce Umma ba kalangu ba ne, da kwamfuta ake yi. Ta ce to kaf danginmu babu mai kalangun kwamfuta.

Wajen ƙarshen sanyi ya turo mini wata sabuwar waƙa. Ni ba na jin Swedish ko kalma ɗaya, harshe ne da in suna yi sai ka ce mutum yana hawa bene yana saukowa. Amma kiɗan ya kama ni. A hankali yake tafiya, ba irin mai fasa kunne ba, muryar Yaya kuma can ƙasa, irin wadda yake yi in ransa ya ɓaci ba ya so a gane. Na saurara a jirgin ƙasa ina tafiya Camberwell, inda nake zaman reception a asibiti, na rubuta masa cewa ta yi daɗi, na manta da zancen.

Bayan 'yan makonni amarya ta kira ni tana ihu, na ɗauka gobara ce. Wai waƙar ta shiga chart. Na dawo gida na tarar da Umma tana gyaran alayyafo, na gaya mata.

"Ta shiga ina?"

Na ce jeri ne na waƙoƙin da mutanen ƙasar suka fi saurara, duk Juma'a ake sabunta shi, wata ta hau wata ta sauka.

"Kamar sakamakon jarrabawa," in ji ta.

"Kamarsa."

Ta ci gaba da tsinkar ganyenta, ko a jikinta. Sai da na kai ƙofa na ji ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na nawa ya zo?"

Na ce na talatin da wani abu.

"Talatin?" Ta ajiye wuƙa. "Ɗan gidan nan? Su waɗanda suke gabansa kai biyu gare su?"

Na ce ikon Allah, ashe kalangun kwamfuta ya samu mai bibiya. Ta ce in wuce in ba ta wuri, ita tambaya kawai ta yi.

Daga nan Juma'a ta zama ranar wasanmu. Ina sa makulli a ƙofa zan same ta a falo ta riƙe carbi, ta ce, "Yau Juma'a ko?" Matar da tun safe ta yi karatun Juma'arta, ta turare gida, ita ce take tambayata ko yau Juma'a ce. Ni kuma da gangan sai in cire takalmi a hankali, in shiga banɗaki, in fito in buɗe firij in tsaya ina kallon madara.

"Mutanen can ba su fitar da abin nasu ba?"

"Waɗanne mutane, Umma?"

"Ke dai Allah ya shirye ki."

Waƙa kuwa sai hawa take yi. Ta shiga cikin ashirin, ta shiga cikin goma, amarya ta ce har a kanti ana sa ta, fasinja sun fara leƙa fuskar mai tuƙin tram. Ta kai ta biyu ta tsaya cak. Wannan tsayuwa ta ci wa Umma rai fiye da tashin farashin shinkafa. Ta sa na nuna mata hoton wanda yake na ɗaya, wani saurayi mai farin gashi har kafaɗa. Ta gyara tabarau ta ƙare masa kallo.

"Ɗan wa ye?"

"Umma, ina zan sani?"

"Ni ba na yi wa ɗan kowa mugun fata," in ji ta. "Amma Allah ya ba shi wata sana'ar wadda ta fi wannan alheri."

Sauraro kuwa, a cewarta ba ta saurara. Sai dai wata rana ta ce in sa mata abin ta ji ko akwai ashar a ciki, don kada a je ana zubar mana da mutunci a ƙasar mutane. Na ce Umma ashar ɗin Swedish yaya za ki yi ki gane shi? Ta ce ashar ko da wane yare ne yana da kama. Na sa mata. Ta ji har ƙarshe ta ce in sake, ba ta tabbatar ba. Binciken ashar ɗin nan bai ƙare ba, kullum bayan la'asar sai an sake shi. Ta taɓa tambayata me yake cewa, na ce ni Swedish nake ji? A lokacin kuwa gaskiyata na faɗa.

Amarya ce ta ɓata mini wannan gaskiyar. Muna hira a waya na ce wai me mijin naki yake ta gunaguni a kai ne har ƙasa guda ta rikice? Ta ce ta ɗauka ya gaya mini. Waƙar a kan wani mutum ce da kowa yake kiran sunansa, shugabansa a wurin aiki, likita, mai kawo wasiƙa, kowa, in ban da matar da ta haife shi. Amshin kuwa tambaya ce, yana tambayarta ko ta tuna abin da aka raɗa masa. Mutanen Sweden sun ɗauka labarin yaron da uwa ta jefar ne. Rubuto masa suke yi suna kuka, wannan ya ce shi ma uwarsa ta tafi ta bar shi, wancan ya ce tasa ba ta taɓa nemansa ba.

Umma fa! Matar da duk wanda ta ji zai doshi Turai ta arewa, ko Finland zai je, sai ta ɗora masa ƙullin yaji da dambun nama.

Na kira Yaya ko sallama ban yi ba. "Ka haukace ne?"

"Ba ta jin Swedish," in ji shi.

"Duniya kuma ta ƙare a Sweden ko?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Auta, ke ba za ki gane ba. Ke ana kiranki har a gaji. Ni in na bugo waya, gaisuwa biyu sai a miƙa miki. In na zo gida, labule ake yi wa sannu da zuwa. Na san al'ada ce, na sani, kada ki fara mini lacca. Amma na kusa arba'in, ban san yadda sunana yake a bakinta ba. Wallahi na gaji."

Na ce to Sallah fa? Babbar Sallah tana matsowa, kuma biyun da suka wuce duk ya kawo uzurin shift ɗin aiki.

"Ban yi booking ɗin jirgi ba," ya ce. "Ban jin zan yi."

Ita kuwa Umma tuni ta sa an ɗinko masa shadda daga Kano tana cikin akwatinta, wai ta ga ɗinkin ne ya yi mata kyau, ba don kowa ba. Na ajiye waya raina a ɓace da su duka biyun. Na yanke shawarar ba mai jin wannan fassara daga bakina.

Juma'ar da waƙar ta ture mai farin gashi ta hau ta ɗaya, Umma ta ce "To, madalla", ta tashi ta shiga kicin. Daga can na ji ta tana buɗe tukwane tana rufewa ba gaira ba dalili. Washegari akwai suna a Abbey Wood, gidan wata ƙawarta ta Islamiyya da ta yi jika. Umma ta ɗauko leshin da ba ta sa shi sai bikin dangi. Na ce yau kuma wa za a burge? Ta ce leshi in ba a sa shi asu ke cinye shi.

Falo ya cika da mata, ga masa ga miyar taushe, yara suna ta guje-guje suna amsa Hausa da Turanci. Can sai uwar gidan, Hajiyar da bakinta ba ya gajiya, ta ɗaga murya.

"Hajiya, ashe ɗanki ne ya kama Turai haka ba labari? Yarana suka nuna mini. An ce shi ne na ɗaya!"

Umma ta dubi farantinta. "Haka suka ce."

"Kai, masha Allah. To me yake cewa a ciki ne?"

"Wa ya sani."

"Ai yanzu waya tana fassara komai," in ji 'yar Hajiya, wata mai karatun likita, yarinyar kirki wallahi, ba ta da nufin komai. Kafin in haɗiye lomar da ke bakina ta zaro waya. Na harare ta, na yi tari, na ce ina banɗaki, duk a banza. Ta samo baitocin, waya ta juya mata su zuwa Turanci, ta fara karantawa da ƙarfi tana murmushi. Ta yi layi biyu murmushin ya fara raguwa. Da ta kai amshi sai muryarta ta shige ciki, ta tsaya.

Umma ta shekara fiye da talatin a London. Turanci ba ya wuce ta.

Jaririya tana ƙananan kuka a ɗaki. Matan nan duk sun san me ake nufi, da yawansu su ma ba sa kiran 'ya'yansu na fari. Ba wadda ta iya kallon wata. Umma ta cinye masar da ke hannunta a nitse, ta goge yatsu, ta ce Allah ya raya, ta ce da ni, "Auta, tashi mu je kada bas ya wuce mu."

A bas ta zauna jikin taga, jakarta a cinya. Muka wuce tasha uku ko huɗu. Sannan ta ce, a hankali, "Wato ƙarata ya kai."

Ta gyara jakarta ta ci gaba.

"Ba wurin kawunsa ba. Ba wurin liman ba. Ƙasa guda ya tara. Turawan da ko tuwo ba su taɓa gani ba, su ne alƙalai." Ta girgiza kai. "Kuma suka ba shi na ɗaya."

Saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini. Na juya sai na ga idonta, dariyar ta koma.

"Ranar da aka ɗauke shi aka kai wa kakarku," in ji ta, tana kallon titi, "tsakar gida cike da mutane. Dariya na yi, na ce a tafi da shi in huta, don haka ake cewa. Nonona ya yi kwana da kwanaki yana zuba, zani nake ɗaurewa a ƙirji kada a gani. In an kawo shi gaisuwa sai in shige ɗaki in leƙa ta labule, in ga ko ya yi ƙiba. Ni wa na kai wa ƙara?"

Ban taɓa jin wannan ba. Na kama hannunta, ta bar mini shi har muka sauka, abin da ba ta saba ba.

Amma ni ba ni da haƙurin Umma. Muna shiga gida na ce, "Umma, suna ne fa. Ki faɗa sau ɗaya kowa ya huta, don Allah!" Ta ce ni yarinya ce ban san komai ba. Na kira Yaya na zazzage masa duk abin da ya faru, na ce ga abin da kalangunsa ya jawo. Ya yi ta cewa innalillahi. Na ce ya kira ta, ya ce da wane baki. Daga ranar ya ɗauke wuta, ita ma ta ɗauke.

Juma'a ta zo na shigo na cire takalmi, ba wanda ya tambaye ni ko yau Juma'a ce. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Binciken ashar ya tsaya. Waƙa ta fara gangarowa, na duba ni kaɗai a jirgi, ba wanda zan ja wa rai da labarin. Sallah sai ƙara matsowa take yi, shadda tana akwati, ni kuma ina tsakiya ina jin haushin kowa, har marasa lafiya a asibiti sun ga canji a fuskata.

Wata Asabar da rana tana miya ta ce, "Kira mini na Sweden. Ki sa a speaker."

Na kira, na ajiye wayar kusa da kwandon albasa. Ya ɗauka ya yi sallama. Umma ta amsa, ta juya wa wayar baya, ta fuskanci tukunya.

"Ki gaya masa saƙonsa ya iso."

"Umma, ina jin ki," in ji Yaya. "Don Allah ki yi haƙuri, ni ban yi don..."

"Ki ce ya yi shiru, babba yana magana."

Na ce, "Yaya, an ce ka yi shiru." Me zan yi? Aikina ke nan tun ina ƙarama.

"Ki gaya masa sunan nan ba zan kira shi da shi ba, ko da zai ƙaro Norway da Denmark. Ba ƙi na yi ba. Bakina ne ba zai iya ba, haka aka gina ni, kuma na tsufa da sake gini." Ta juya miya, ta daɗe tana juyawa. "Amma in yana zaton na manta shi, to akwai inda nake faɗarsa kullum, tun kafin ya yi haƙori. Ba shi nake gaya wa ba. Wanda ya ba ni shi nake gaya wa. In yana son ji, ya san hanyar gidan nan."

Ina jin numfashinsa ta wayar.

"Kashe," in ji Umma. "Miyata za ta kama."

Ana jibi Sallah suka sauka shi da amarya. Umma ta rungume amarya, ta tambaye ta hanya, ta tambaye ta iyayenta, ta ce ta rame. Yaya ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta amsa tana gyara matashin kujera. Aka ci abinci, ba wanda ya ambaci waƙa. Shi dai yana zaune a takure kamar baƙo, yana satar kallonta.

Da la'asar ta yi Umma ta tashi ta yi alwala ta shiga ɗakinta. Umma in za ta yi salla rufe ƙofa take yi ruf, tun muna yara mun san ba a dosar wurin. Ranar ta bar ta a buɗe kamar faɗin tafin hannu.

Na zunguri Yaya da ƙafa. Ya dube ni, na nuna masa hanya da haɓa. Ya tashi, ƙaton mutum, na ɗayan ƙasar Sweden, yana sanɗa a ɗan siririn corridor ɗinmu, ya tsaya tsakanin tarin takalma da injin shara. Ni ma na biyo baya, ba zan yi ƙarya ba, gulma ta hana ni zama.

Ta idar, ta yi tasbihi. Sannan ta fara addu'a. Umma a zuci take addu'arta, leɓe kawai ke motsi, amma ranar muryar ta ɗan fito, daidai yadda za ta kai bakin ƙofa. Ta yi wa Abba, ta yi wa iyayenta. Ta ɗan tsaya. Sai ta faɗe shi, cikakke, yadda liman ya raɗa shi, ba gutsurewa irin ta Turawa. Ta roƙa masa lafiya, ta roƙa masa tsari a kan hanyar da yake tuƙi, ta roƙi Allah ya sanyaya masa zuciya. Kowane roƙo da sunan take farawa, kuma bakin bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ka san ya saba.

Yaya ya zame jikin bango ya zauna a kan takalman mutane, ya cusa fuska a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma idona ya cika. Na koma kicin na ja ƙofa, na buɗe famfo da ƙarfi don kada in ji sauran, tunda ba ni aka kira ba.